Wadda Buta Ta Kwana a Hannunta

Litinin, 5 ga Mayu 1958, ƙarfe ɗaya na rana

Saura sati biyar in kai yarana Maraɗi jarrabawar sartifika. Su bakwai ne, kuma su ne na farko da zan kai da hannuna tun da aka turo ni lakkol, makarantar boko ta Dakoro. Daga yau na ƙara musu karatun asuba, ƙarfe huɗu da rabi, ban da na dare da muke tashi sha ɗaya. Mu ma haka aka yi mana, ga shi ba mu mutu ba.

Gyangyaɗi ne ya dame ni, shi ya sa na kawo dokar buta. Butar duma ce cike da ruwa. Wanda ke riƙe da ita yana sa ido, da ya ga wani ya sunkuyar da kai sai ya watsa masa ruwa a fuska ya miƙa masa butar. Wanda ta kwana a hannunsa zai ƙara awa ɗaya yana kwafe darasi bayan kowa ya tafi. Dabarata ce, kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da ita.

Abin da ban gane ba shi ne Zalika. Ɗiyar wani makiyayi ce, Intalla, daga wani ƙauye kusa da Mai Yara, shekararta goma sha biyar. Ita kaɗai ce mace a ajin, ita ce kuma ta fi kowa kai. Tana zaune gidan Uwale, kamar yadda aka rarraba yaran ƙauye a gidajen gari. Satin jiya buta ta kwana a hannunta sau uku.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Dikte, wato shifta. Kuskure biyar ke kayar da mutum a Maraɗi. Zalika ta yi goma sha ɗaya, yarinyar da watan jiya na duba takardarta sau biyu ban sami abin ja wa jan layi ba. A wani wuri ma ta faro kalma, sai alƙalamin ya zarce ya sauka gefen takarda. Na tambaye ta ko iskanci ta fara, ta ce a'a. Na ba ta ɓarin goro na ce ta tauna. Zafi kamar a bakin murhu, ni kaina na gaji.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Buta na hannunta kuma. Za ta tashi sha biyu yau.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Ba ta zo karatun asuba ba. An ce wani abu ya faru a rijiya. Na koyar da lissafin kaso.

Asabar ɗin, bayan la'asar

Na je gidan likita. Jimrau ɗan Uwale ne a kwance, hannunsa na dama naɗe da ƙyalle. Yatsu biyu. Na yi masa sannu, ya amsa yana kallon bango.

Rijiyar gaba arba'in ce, ba a janta da hannu. Ana ɗaura igiya ga sa takarkari, wani ya hau ya kora shi nesa, wani ya tsaya bakin rijiya. In wasaki, babban gugan fata, ya iso sama, na bakin rijiya ya kama shi ya yi kira, na kan sa ya tsaya. Jimrau ya kama, ya yi kira sau uku. Sa bai tsaya ba, igiya ta ja hannunsa cikin kurar katako da take bi. Zalika ce a kan san.

Yau na fara jin cewa tana zuwa rijiya. Shekara uku ina koya mata, ban taɓa tambaya ba. Ba ni da abin ƙarawa yau.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Uwale ta zo ta zauna a zaure, ta ƙi shan ruwan da matata Lami ta kawo. Mushe take ce mini kamar kowa, wato malam da Faransanci.

Ta ce, "Mushe Harisu, ni ban kori ɗiyar mutane ba. Amma yarinyar ga akwai abin da ke gare ta. Idonta biyu hwa, an gan ta zaune miƙe bisa sa. Wa ke kwana ido buɗe in ba da iska ba? Wasu na hwaɗin ciwon barci ne irin na kudu. Na aika ma ubanta shi zo shi ɗauki abarshi."

Na ce, "Inna, saura wata ɗaya jarrabawa."

Ta ce, "Saura yatsa takwas ga Jimrau."

Intalla yana arewa da dabbobi, sai kasuwar Juma'ar sama zai iso, ashirin da uku ga wata. In ya tafi da ita, shi ke nan. Shekarunta sun kai iyaka, ba za a karɓe ta baɗi ba. Tun jiya ba ta fito daga ɗaki ba.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na roƙi Manjo Kimba, babban anfirme, wato malamin jinya, ya duba Zalika. Ya lalluba wuyanta, ya duba idonta, ya ce babu ciwon barci, ƙudan da ke kawo shi ma ba ya rayuwa a wannan rairayin. Sai ya zaunar da ita ya sa ta faɗi yininta tun daga farko, yana lanƙwasa yatsu. Ni ina tsaye bakin ƙofa.

A bazara garkuna ke cinye rijiya da rana, gidajen gari sai da dare, kowane gida da lokacinsa. Na gidan Uwale ya faɗo wajen ƙarfe biyu. Al'ada ce kuma ɗan lakkol da aka saukar a gida shi ke hawan sa, ladan tuwon da yake ci ke nan. Tana barin wurina sha ɗaya, ranar buta sha biyu. A tashe ta biyu. Ta dawo huɗu, ta ajiye tulu, ta taho karatun asuba.

Manjo ya ɗaga yatsu uku, ya lanƙwasa ɗaya ya ce ranar buta biyu ne. Da ta fita ya juyo kaina.

Ya ce, "Mushe, mai irin shekarun nan awa tara yake buƙata, ya fi ni da kai buƙata, don jikinsa bai gama ginuwa ba. In aka hana shi, barcin ba ya neman izini. Yana ɗauke mutum numfashi biyar ko goma, ido buɗe, a zaune ko a tsaye, shi kansa bai san ya tafi ba. Goron da kake ba su ba ya korar barci, ɓoye shi yake yi."

Na ce karatu fa.

Ya ce wani likita da ya yi aiki ƙarƙashinsa ya taɓa ba shi labarin gwajin da aka yi: aka ba mutane abu su haddace, wasu suka kwanta, wasu suka zauna ido biyu, waɗanda suka kwanta suka fi riƙewa. Wai abin da aka zuba wa kai da rana, cikin barci yake samun wurin zama.

Na ce masa shi ya tsaya kan allurarsa ni in tsaya kan allina. Ya yi dariya, wannan dariyar tasa mai ban haushi, ya ce to. Na fito ban yi masa sallama ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da asuba

Awa biyu ranar buta. Ranar Juma'a buta na hannunta. Na rubuta shi da kaina a shafin baya.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na yi niyyar ƙaryata Manjo, shi ya sa na gwada. Ranar Alhamis babu aji, na tara yara shidan da suka rage na ba su sababbin kalmomin Faransanci ashirin. Uku na kwantar da su ƙarƙashin rumfa bayan azahar, uku na sa su shara da ban ruwan itatuwa. Da yamma na tambaya. Masu barci sun kawo goma sha huɗu, sha biyar, sha uku. Masu shara tara, goma, bakwai. Na ce ai masu kan ne suka faɗo wuri ɗaya. Jiya na juya su da wasu kalmomin, abin ya juya tare da su. Yau na sake.

Yara shida ba hujja ba ce, na sani. Amma na ga abin da na gani, kuma bai yi mini daɗi ba. Sun kwanta kamar an jefar da buhuna, sai da na girgiza su kafin su tashi.

Na soke karatun asuba. Na dare a tashi ƙarfe tara. Na ce musu saboda kananzir ne.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Na je gidan Uwale. Maƙwabta ke taimaka musu da ruwa tun ranar, amma an fara gajiya, na ji a muryar matan. Zalika tana zaune bakin ɗaki tana tsince wake, ta rame.

Na ce ta dawo aji. Ta ce, "Mushe, wallahi idona biyu. Ina ganin ƙahon sa. Sai kawai na ji ihu, ban san sa'ad da ya wuce wurin tsayawa ba. Ko da gaske akwai abu gare ni?"

Na ce babu komai gare ta sai gajiya, Manjo ya faɗa. Ta ce yanzu ma in ta kwanta sai ta ji kamar ana kiranta ta tsaya, ta zabura. Akwai abin da ya kamata in faɗa mata a nan, ya zo har bakina. Sai na ce ta riƙa duba nahawunta.

Laraba, 21 ga Mayu, tsakar rana

Na sami dattijon da ke raba lokacin rijiya na roƙe shi ya mayar da gidan Uwale safiya. Ya ce in ya taɓa gida ɗaya sai ya taɓa arba'in, kuma masu garke ba za su yarda ba. In jira ruwan sama. Sama kuwa fari fat.

Lami ta ce ina magana cikin barci. Ban tambaye ta abin da nake cewa ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Intalla ya zo. Dogo ne, rawaninsa ya rufe baki, ba ya gaggawar magana. Sai da ya fara zuwa gidan likita ya zauna da Jimrau, ya bar masa akuya mai shayarwa, sannan ya same ni gindin aduwar lakkol. Ya riga ya ɗaura wa raƙumi kayan Zalika.

Na shirya jawabi tun jiya, kan sartifika da abin da yarinya za ta iya zama. Bai bar ni na kai rabi ba.

Ya ce, "Mushe, Manjo ya lissahwa mini. Kai ka ɗauki farkon dare, Uwale ta ɗauki tsakiya, ka komo ka ɗauki ƙarshe. Kun raba daren ɗiyata kamar naman watanda, ba wanda ya aje mata kashi. Ni makiyayi ne, ban san takarda ba. Amma rijiya ma in an kwashe ta, bari mukai ta kwana ta tara."

Na ce, "Baba, laifina ne. Ni na riƙe ta har sha biyu ranar." Karo na farko ke nan da na faɗe shi da baki, kuma ban ji sauƙin da nake tsammani ba.

 Ya ce shi bai ƙi ta zauna ba, amma ba zai bar ta gidan mutane tana ci ba ta aiki ba, abin kunya ne gare shi, kuma ba za ta sake hawan sa da dare ba. Uwale za ta iya tsayawa bakin rijiya. Wa zai kora san?

Na ce ni.

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce, "Ka taɓa hawan sa?" Na ce a'a. Ya ce to a ja shi da ƙasa, kada in hau. Ya je ya kwance kayan.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Zalika ta dawo aji. Ta shigo da butar a hannu, don tana wurinta tun ranar tara ga wata. Ban soke dokar ba. Ban san dalili ba, wataƙila girman kai.

Dare uku ke nan ina rijiya. Taku casa'in zuwa, taku casa'in dawowa, sau talatin da wani abu. San ya raina ni tun daren farko. Uwale ba ta yi mini magana sai kiran tsayawa, kuma tana yin sa da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Gari kuwa ya samu abin dariya, yau wani mahauci ya gaishe ni da sarkin shanu.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Barcin awa biyar nake samu, wani lokaci huɗu da rabi. Kusan ninki biyu na abin da Zalika take samu a da. Na yi wa Lami tsawa kan gishiri. Na nemi hulata ko'ina tana kaina.

Asabar, 31 ga Mayu, tsakar rana

Na rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu a allo. Sai Zalika ta ɗaga hannu a hankali. Diktenta na yau kuskure huɗu. Uwale ta ce yanzu Zalika tana kwanciya da ta dawo daga karatun dare, ba ta motsi sai rana ta fito, har an daina jin zaburarta. Wannan ce doguwar maganar da Uwale ta yi mini cikin sati.

Litinin, 2 ga Yuni

Na gaji.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Daren jiya ina jan san ina kallon inuwar ƙahonsa a ƙasa, sai na ji muryar Uwale kamar daga wani gari. Na tsaya. Da na dawo ta ce kira na biyu ne na amsa. Na rantse mata na farko ne. Ta ce, "Haka ita ma ta rantse." Ta juye wasaki cikin kwamin zuba ruwa. Tun daga nan ba ta kama wasakin sai ta ga na tsaya cak.

Na bi ta gidan likita da safe. Manjo bai ce mini komai kan waccan maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo. Jimrau ya fara koyon cin tuwo da cokali.

Juma'a, 6 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Abin da ya faru yau sai in rubuta shi yadda yake. Wajen ƙarfe goma na ba su lissafi goma, na zauna kan kujera in jira. Na tuna ina kallon alli a hannuna. Abu na gaba da na sani, inuwar ƙofa ta koma wani gefe, kumatuna na kan teburi, yawu ya jiƙa rajista.

Ajin shiru. Duk su bakwai suna zaune, sun gama lissafin, sun musanya alluna sun duba wa juna. An ce ƙararrawar hutu ta kaɗa ba wanda ya fita, don kada benci ya yi ƙara. Zalika tana tsaye gefen teburina da buta cike da ruwa. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Na ce, "Me ya hana ki zubawa? Doka ce."

Ta ce, "Manjo ya ce ba a tada mai kwana in ba dole, Mushe." Ta ɗora butar a gabana da hannu biyu. "Ba mu zuba ba, amma taka ce yanzu."

Wani ya ƙyalƙyale a baya, ya haɗiye. Ni kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗan aji ɗaya. Na karɓa. Bayan sun tashi na zauna awa ɗaya ni kaɗai a ajin, tun da haka dokar ta ce.

Lahadi, 8 ga Yuni, da hantsi

An yi ruwa. Tabkuna sun kama, garkuna sun fara barin rijiya, dattijon ya mayar da gidajen gari safiya. Na kwana tun isha'i har rana ta shigo ɗaki. Lami ta ce ta hana kaji kusantar ƙofa. Dikten Zalika na jiya kuskure biyu.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya, Kornaka

Kamyo, babbar motar da ta ɗauko mu, ya tsaya a zuba wa inji ruwa, ina rubutu a kan gwiwa. Mun baro Dakoro ƙarfe bakwai. Uwale ta kawo wa Zalika ƙullin fura. Jimrau ya zo shi ma, ya tsaya nesa, ya ɗaga hannun mai ƙyalle da muka tashi. Zalika ta sunkuyar da kai, ta yi kuka har muka wuce gonaki. Ban hana ta ba.

Jiya na karɓe littattafansu duka na ɗaure da igiya, suna ƙarƙashin ƙafata. Jibi ne jarrabawa. Ko za su ci ban sani ba, abin da ya shiga ya shiga. Amma su bakwai ne a motar nan, ba shida ba.

Yanzu duk sun yi barci kan buhunan gero, baki buɗe, ƙafar wannan kan cikin wancan. Zalika ta jingina da katakon mota, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Yaron mota ya ce in tashe su su sauka su miƙe ƙafa, na ce ya bar su.

Buta na hannuna tun Juma'a. Bakwai ne ke barci a gabana, ko wanne na zaɓa doka ta ba ni. Ƙishirwa nake ji, na shanye ruwan.